Yadda Muka Koyi Kashe Inji da Azahar

Shekara ɗaya bayan rasuwar mijina na bar Kusada na koma Kankiya gidan yayana, da 'ya'ya uku da akwatin ƙarfe guda. Mijina manomi ne, da rani kuma yakan ɗan taɓa sayen hatsi a ƙauyuka. Faɗuwa ya yi a gona wata rana da hantsi, aka kawo shi gida a kan amalanke, bai sake magana ba har ya cika washegari. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce kwana ne ya ƙare. Na karɓi ta biyun na yi shiru.

Yayana ba mai hali ba ne, ni kuma ban iya zaman jira a ba ni ba. Matarshi ce ta ji ana neman mata masu tsintar gyaɗa a gidan injin wani Alhaji, can gefen gari ta hanyar da ke fita zuwa garinmu. Na yafa mayafi na je.

Alhajin dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. Tela ne a da, kafin ya koma harkar hatsi, kuma har lokacin keken ɗinkinshi na nan a kusurwar ofis an lulluɓe shi da tsohon zane. Ya tambaye ni ko na yi boko, na ce na kai aji uku na sakandare kafin a yi mani aure.

"To ke za ki riƙa duba ma mata sikeli," in ji shi. "In babu awo ki zauna ki yi tsinta da su."

Gidan fili ne mai katanga, da rumfar kwano doguwa da aka raba ɗaki-ɗaki. Inji uku ne a ciki, na ɓarar gyaɗa, na matsar mai, da na niƙa. Mu goma sha shida ne, maza bakwai mata tara. Mu mata a gindin wani babban itacen bedi muke zama, kowa da faifanta, muna fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Tun safe ƙamshin gyaɗar da ake soyawa yake cika gidan, ya shiga zane ya shiga gashi, in na koma gida 'ya'yana su yi ta shinshina hannuna. Kusa da ni wata mutuniyar Tafashiya ke zama, na girme ta da kusan shekara goma. Tun ranar farko ta kira ni Yaya, ta nuna mani yadda ake karkata faifai tsakuwa ta gangara gefe ɗaya. Ita ta zama ƙawata a gidan har na bar shi.

A wancan lokacin ba wanda ke cewa ba shi da lafiya. Alhaji ba mugu ba ne, amma kowa ya san akwai masu jiran wurin zamanshi a waje. In kai na sara sai a tare mai tallan magani da ke bi ta ƙofa da kwali a ka, ya haɗa maka ja da fari da ruwan ɗorawa, ka kora ka koma bakin aiki. Maza masu dakon buhu suna da nasu na kwalba da suke cewa yana kashe gajiya. Ni kaina na taɓa yin kwana huɗu da zazzaɓi ina tsinta, ina ɓoye rawar sanyi cikin mayafi, ƙawata tana kwasar rabin gyaɗata tana zubawa a faifanta don kar a gane.

Wanda ya girme mu duka, har Alhaji, shi ne Baba mai inji. Unguwa ɗaya suka tashi da Alhaji, kuma tun ranar da aka kafa injin niƙa shi ke bakinshi. Ƙara ta cinye mashi kunne, sai an ɗaga murya yake ji. Gari ya zauna mashi a gira da gemu har ba ka bambance shi da furfura. Yana da wani busasshen tari da muka saba da shi kamar yadda muka saba da ƙarar injin. Kowace mace a gidan ɗiyata yake ce mata. Ba ya yarda inji ya tsaya daga safe har la'asar sakaliya. Ko salla zai yi sai ya tsayar da wani a wurin, ya idar ya dawo da sauri yana gyara hula.

Wata safiya cikin kaka, lokacin da aiki ya fi yawa, muka ji injin niƙa yana kuka ba hatsi a cikinshi, irin kukan da Baba bai taɓa barin ya yi ba. Direban gidan ne ya fara shiga. Shi wannan direba gajere ne mai tumbi, a Kaikai ya girma wurin dangin uwarshi, kuma taubashin Alhaji ne, shi ya sa shi kaɗai ke iya tsokanar maigidan a gaban mutane. Ya fito yana kiran maza su kawo hannu. Da aka ɗauko Baba za a sa shi a motar kaya, na ga bakinshi ya karkace, hannun dama yana lilo. Abin da na gani a fuskar mijina a kan amalanke shi na gani.

Sai bayan la'asar Alhaji ya dawo daga asibiti. Bai shiga ofis ba, ya zauna a kan buhun dawa a tsakar gida, muka kewaye shi.

"Yana da rai," ya ce. "Ɓarin jikinshi ne ya shanye. Hawan jini ne, wai ya daɗe da shi. Likita ya tambaye ni yaushe rabon da a auna shi, na ce ban sani ba. Duk shekarun nan yana bakin injina, ban sani ba."

Na zame na tafi bayan katanga na yi kuka. Mata sun ɗauka don Baba ne, kuma har da shi. Amma ranar ce na fara sanin cewa abin da ya kayar da mijina yana da suna, kuma akwai abin da ake ɗaura wa mutum a hannu a gan shi tun bai kayar da shi ba. Mijina ya yi shekaru yana cewa ƙeyarshi na ciwo, ni kuma ina jiƙa mashi tsamiya.

Alhaji mutum ne da in abu ya taɓa shi sai ya yi shi da girma. Bayan sati biyu ya sa aka kafa rumfa a tsakar gida, aka jera kujerun roba, ya gayyato ma'aikatan lafiya uku. Aka yi mana jawabi a kan gishiri da ƙura da hutu, aka auna wanda ya tsaya, aka raba takunkumin hanci, aka liƙa hotuna a bango. Aka ci shinkafa da nama aka sha lemo. Kowa ya ce Allah ya saka da alheri.

Ba a yi wata guda ba takunkumin nan ya koma aljihu. Wata tsohuwa a cikinmu goro take ƙullewa a nata. Maza kuma suna rataya shi a haɓa, in sun ji ƙarar babur ɗin Alhaji su ja shi sama, in ya shige ofis su sauke. Ya yi faɗa, ya yi barazanar kora, abin da ba halinshi ba. Hotunan bango zafin kwano ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Mai tallan magani ya ci gaba da tsayawa a ƙofa.

Wata rana ina bakin sikeli ni kaɗai, Alhaji ya zo ya tsaya yana kallon buhunan. Can ya ce, "Malama, mi ya sa mutanen nan ba su son lahiyarsu?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, suna so. Tsoro suke ji."

"Tsoron mi?"

"Tsoron a ce suna da ciwo ka sallame su. Ran da aka zo awo mutum huɗu ta ƙohwar baya suka hita. Ni ma sai da na yi shawara kahin in miƙa hannu."

Sannan ya ce, "Takunkumin fa? Shi ma tsoro ne?"

"Ka taɓa sa shi ka shiga ɗakin niƙa da rana tsaka?"

Ya dube ni ya daɗe, har na fara tunanin abin da zan ce wa yayana in an kore ni. Sai ya juya ya tafi. Washegari da rana muka ga ya ɗaura takunkumi ya shiga ɗakin niƙa ya ja ƙofa. Bai kai lokacin da za a niƙa kwano biyar ba ya fito, hula a hannu, riga ta jiƙe, yana haki.

Da aka idar da azahar ya ce a kashe inji duka uku. Tun da na zo gidan ban taɓa jin shiru irin na ranar ba, har kukan kurciya muka ji a kan bedi. Aka shimfiɗa tabarmi, maza gefe mata gefe, shi ma ya zauna a ƙasa.

"Ba faɗa na kira ku in yi ba," ya ce. "Ku faɗa mani abin da ke cin jikinku a gidan nan."

Sai direba ya gyara zama ya ce, "Alhaji, kai ranar an auna ka kuwa? Ni dai na gan ka kana ta rabon lemo."

Dariya ta kama mutane, Alhaji ma ya murmusa ya ce ba a auna shi ba. Daga nan baki ya buɗe. Masu dako suka yi maganar manyan buhuna da bayansu. Mai matsar mai ya ce ɗakinshi ba taga. Can ƙawata, da ba ta magana a gaban maza, ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Mu ba mu shan ruwa sai mun koma gida. Ban-ɗaki guda ne, kuma yana gefen maza."

Na ga Alhaji ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru mata na wuni a gidanshi da ƙishirwa cikin zafin bazara, bai sani ba, ba kuma wadda ta ga fuskar faɗa mashi. Ban-ɗakin mata shi ne abu na farko da aka gina, aka kuma ajiye mana randa biyu a gindin bedi. Kafin mu tashi ranar ya ce, "Wanda aka samu da ciwo ba zai rasa wurinshi ba. Ku zama shaida."

Mun ji, amma ba mu gaskata ba. Abin da ya sa muka gaskata shi ne dawowar Baba. Bayan wata huɗu Alhaji da kanshi ya ɗauko shi a mota, yana jan ƙafa, magana tana fita da ƙyar. Aka sa mashi kujera a inuwa, aka rataye wani tsohon ƙarfen inji a reshen bedi, aka ba shi sanda. Aikinshi shi ne in an kira azahar ya buga ƙarfen da hannunshi mai lafiya, a kashe inji, a yi salla, a ci abinci, a huta rabin awa, sannan ya sake bugawa. Mutumin da bai taɓa barin inji ya numfasa ba shi ya koma mai tsayar da shi, kuma ya riƙe aikin da zafi. In wani ya ce bari ya ƙarasa buhun da ke ciki, Baba ba zai daina bugawa ba sai ya ji shiru. Muka ga mutum ya shanye kuma ba a jefar da shi ba. Tun daga nan aka fara cewa kaina na ciwo da babbar murya.

Ɗiyar Alhaji ma'aikaciyar jinya ce a Katsina. Ta zo hutun ƙarshen mako da ƙaramin abin awon jini mai batir, ta zaunar da ni da direba ta koya mana, ni in riƙa auna mata, shi maza. Ta samu kwali ta zana mana lambobi, ta shafa masu kala uku, kore da ruwan ɗorawa da ja.

"Ku ba likitoci ba ne," ta ce mana. "Kar ku ba kowa magani. In ya shiga ja, ku bari shi huta ku sake. In ya sake shiga, asibiti."

Muka tsayar da Asabar da safe kafin a tada inji. Asabar ta farko Alhaji ne ya fara naɗe hannun riga ya miƙa wa taubashinshi. Direba ya matsa, ya duba kwali, ya duba shi, ya ce, "Maigida, kai ma kana bakin ja." Alhaji ya je asibiti aka ɗora shi a kan magani. Ba a ofis yake sha ba. Kullum da safe sai ya fito tsakar gida da kofin koko ya haɗiye ƙwayar a gaban kowa. Bai taɓa cewa don mu yake yi ba, amma bayan shi ba wanda ya sake jin kunyar a ce yana shan magani. Ni ma nawa ya taɓa ruwan ɗorawa, na rage kanwa da gishiri.

A kan takunkumi kuma, sai Alhaji ya yaye zanen da ke kan keken ɗinkinshi. Ya yi kwana uku yana gwada yadi, ya ɗinka ya kai ɗakin niƙa, su sa su ce ya matse, ya koma ya warware. A ƙarshe aka samu mai laushi ninki biyu da igiyar ɗaurewa a ƙeya. Magini ya fasa tagogi biyu a bangon. Ranar Alhamis mu mata mu wanke su mu shanya a igiya, kowane da alamar mai shi da zare.

Ba duk abin da aka gwada ne ya zauna ba. Ɗiyar Alhaji ta so a riƙa motsa jiki da safe, a miƙa hannu a sunkuya. Kwana biyar aka yi, masu dako suka ce su da ke wuni suna ɗaga buhu wane motsi ya rage masu, mu kuma dariya ta hana mu, aka bari. Akwai kuma wani mai dako da har na bar gidan bai taɓa yarda an auna shi ba, yana cewa Allah ke tsarewa. Ba wanda ya matsa mashi. Amma shi ne ya kawo shawarar a daina ɗora wa mutum ɗaya babban buhu, a sayi baro, kuma shi ke gyara tayar baron in ta lalace.

Abincin rana tukunya ɗaya muka koma yi. Alhaji ya ba da hatsi, mu muna karɓa-karɓa wurin girki. Muka dasa zogale a jikin katanga. A kan gishiri aka fi yin rigima, don direba ya ce miyarmu kamar ruwan wanki take, ya koma zuwa da ɗan dunƙule a aljihu yana marmasawa a ɓoye. Ƙawata ta kama shi, aka yi mashi shari'a a gindin bedi, Baba ne alƙali, hukuncinshi ya wanke tukunya sati guda. Wata Bafulatana daga wajen Kaikai ta gano muna zama da azahar, ta mai da ƙofarmu zangonta, mu sayi nono mu dama fura. Mai tallan magani ya daina tsayawa, ba wanda ya kore shi.

Wannan rabin awa ita nake kewa fiye da komai. Inji shiru, iska tana kaɗa ganyen bedi, mata sun miƙe ƙafa, wata tana yi wa wata kitso, maza can gefe suna gardamar ruwan bana. A nan na ji wanda matarshi ba ta da lafiya, da wadda ɗanta ya ƙi karatu. A nan na fara dariya da gaske tun bayan takaba.

A shekara ta uku ƙawata ta samu ciki, na biyar. Tana wata bakwai, wata Asabar na ga ta zo tana jan silifa, ƙafafu sun kumbura, fuska ta yi suntum. Na ɗaura mata abin awo ya shiga ja, ya wuce inda na saba gani. Na ce ta zauna ta huta, na sake, bai sauka ba.

"Kanki na ciwo?" na tambaye ta.

"Tun shekaranjiya. Ina ganin wasu abubuwa suna walƙiya a idona." Sai ta kama hannuna. "Yaya, kar ki faɗa. Gajiya ce. Maigidana na gona, ban tambaye shi ba."

Na ce mata wannan karon ba zan rufa mata ba. Na je na faɗa wa Alhaji. Ya kira mijin a waya, mijin ya ce a jira shi ya tashi daga gona da yamma. Na ji Alhaji ya ce, "Ba za a jira ba. Yanzu za a tahi da ita, mota ta biyo ta ɗauke ka a bakin gona ku haɗu can. In laihi ne ni na yi maka, ka riƙe ni."

Ni na raka ta. Da ma'aikaciyar asibiti ta auna ta, ba ta ma bari mun koma kan benci ba, aka ba ta gado. Sati biyu ta yi a kwance, sannan ta haihu kafin lokaci, mace, 'yar mitsitsiya kamar a sa a ƙwarya. Dukansu suka rayu. Mijin da ya zo ranar farko yana huci, shi ya zo gidan inji bayan suna da zabi biyu ya durƙusa gaban Alhaji. Wata biyar ta yi ba ta zo aiki ba, faifanta na rataye a ƙusa ba wadda ta taɓa. Bayan wannan, Asabar da safe sai mu tarar da mata a ƙofa, surukai da maƙwabta, suna jira mu gama da 'yan gida in auna su.

Baba ya rasu a damina ta huɗu bayan faɗuwarshi. Ranar da muka dawo aiki bayan addu'ar uku, azahar ta yi aka rasa mai tashi, kowa na kallon kujerar. Sai direba ya miƙe ya ɗauki sandar ya buga. Daga nan ya zama wanda ya fi kowa shekaru a gidan shi ke bugawa, in ba ya nan na bayanshi.

Da Alhaji ya fara gajiya sai ya miƙa gidan ga babban ɗanshi, wanda ya yi karatu a Zariya. Mutum ne mai ladabi, yana gaishe mu har ƙasa, amma yana da sauri. A kakar farko ya samu wani babban ɗan kasuwa da ke son man gyaɗa mai yawa cikin wata guda. Ya tara mu ya ce a ɗage hutun azahar zuwa bayan aikin, a riƙa salla kashi-kashi kamar da, awon Asabar ma a jinkirta. Ba wanda ya yi mashi musu, don ba mu saba musu da mai gida ba.

Washegari aka kira azahar. Direba ya tashi ya buga ƙarfe, sabon mai inji ya kashe, mai matsar mai ya kashe, mu muka kife faifai. Ba shawara muka yi ba. Na tabbata da yawanmu sai da muka zauna muka tuna da maganar jiya. Ɗan Alhaji ya fito daga ofis.

"Wa ya ce a kashe?"

Direba ya jingine sandar ya ce, "Ba wanda ya ce, ɗana. Lokaci ne ya yi."

Ya tsaya yana dubanmu, sannan ya hau babur ya tafi gida wurin mahaifinshi. Daga baya matar Alhaji ta ba mu labarin cewa Alhaji ya saurare shi har ya gama, ya ce mashi, "Ni na fara hutun nan, amma yanzu ko ni na je na ce a bari ba za a bari ba. Ka koma ka tambaye su yadda za a yi." Ɗan ya dawo ya zauna a tabarma. Muka yarda a riƙa fitowa da wuri, rana na ɓullowa, har aikin ya wuce. Aka gama man da saura kwana biyu. Bai sake taɓa maganar ba, kuma shi ne daga baya ya kawo wa masu inji abin toshe kunne, ya kuma fara kawo mai duba ido shekara-shekara.

Shi ne kuma ya buɗe ƙaramin reshe a Kusada ya ce in je in riƙe ɓangaren mata, tunda garinmu ne. Na ce ba zan je ni kaɗai ba, sai ya haɗa ni da tsofaffin ma'aikata uku. Da a ce na je da kwali da abin awo kawai, na san yadda za ta ƙare. Sababbin da aka ɗauka a can suka tarar da mu huɗu muna kife faifai da azahar, muna miƙa hannu da Asabar, suka ɗauka haka ake aiki a ko'ina. Shekara huɗu na yi a can, ina wucewa ta gefen gonar mijina safe da yamma.

Ciwon gwiwa ne ya tayar da ni daga aiki. Babban ɗana ya zo ya ce aikin ya isa haka, ya kawo ni Kaduna. Ba abin da na rasa a nan. Bene ne, hawa na biyu, shi da matarshi suna fita tun safe. Wurin aikinshi babba ne, ya ce har ɗakin shan magani gare su da ma'aikaciya a ciki. Amma a kan tebur yake cin abinci, yakan dawo yana dafe da kai, in na tambaye shi wa ya sani a wurin aikin cewa kanshi na ciwo, sai ya yi dariya ya ce, "Inna, wa zai sani?"

Alhaji ya rasu bara. Ban samu jana'iza ba, sai gaisuwa na je, kuma ranar Juma'a ce gidan inji a rufe, ta kan katanga kawai na hango zogalenmu ya fi ginin tsawo. Direba ya daina tuƙi, ido ya hana. Ƙawata ce yanzu ke auna mata. Takan kira ni in ta samu sarari, yawanci da azahar, ina jin muryoyi a bayanta waɗanda ban san masu su ba. Shekaranjiya ta ce mani an yi ruwa mai kyau a Tafashiya, gero ya fara fitar da kai, kuma 'yan matan yanzu ba su iya tsinta ba, suna barin tsakuwa. Ta ce wata tsohuwa daga Kusada ta zo tana tambaya ko ina nan da rai. Na ce ta kwatanta mani ita. Ta fara cewa wata doguwa ce mai zane a kumatu, sai layin ya katse. Na kira bai shiga ba. Na zauna da wayar a hannu ina bin matan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya a raina, ban gano ta ba har jikata ta dawo daga makaranta ta ce tana jin yunwa, na tashi na shiga kicin.